Littafin Dare

Ƙarfe goma nake karɓar makulli
a gidan dattawa na Mabera,
da tocila, da biro, da littafin da ake rubuta dare.
Gado goma sha tara. Ni kaɗai.
Zafin bazara ya gurfana a kan kwano kamar raƙumi,
wuta ta ɗauke tun la'asar,
fanka ta shanya hannuwa tana kallonmu.

Inna Tumba ba ta iya juya kanta.
Duk awa biyu nake juya ta,
in sa matashi tsakanin gwiwoyi,
in murza man kaɗe a dugadugai.
Shekara arba'in tana dama fura a Tsohuwar Kasuwa,
yau cokali uku na kunu yaƙi ne:
in na yi sauri ta ƙware, in na jinkirta ya huce.
Ƙwayar hawan jini fara ce, ta sukari ma fara.
Na ɗaura wa kwalba ɗaya jan zare
kada barci ya zaɓa mini.

Baba Modi majemi ne,
bagaruwa ta rina masa farce, har yau bai wanku ba.
Yakan ce, "Luba, hwata ba ta ƙarya.
Akuyar da ta kwana cikin ƙaya,
ko an yanka ta, hwatarta na ba da labari."

Daren Talata barci ya sace ni a kan benci.
Ya danna ƙararrawa, ƙararrawa ta bi wuta.
Ya kira sunana, muryar ba ta kai ƙofa ba.
Ya ɗauki buta ya nufi bayi,
inda famfo ke ɗiga tun watan azumi,
siminti ya yi gansakuka.
Ƙarar butar ce ta tashe ni.

Na same shi zaune cikin ruwa yana laluben hula.
Ƙashi bai karye ba, kwiɓi ya tara jini.
"Kak ki hwaɗi," in ji shi, "kada a kore ki.
Wa za ya juya Tumba?"
Na buɗe littafi na rubuta: Lafiya lau.
Na ɗaga shi ban ji nauyi ba,
kalma biyun nan ne suka sage mini kafaɗa.

Ran Alhamis masu duba gida suka zo.
An yi fenti, an ari janareta, an turara ɗakuna.
Suka ƙirga gadaje, suka ƙirga gidan sauro,
suka leƙa tukunya.
Ba wanda ya tambayi hannu nawa dare yake da shi.
Mai tabarau ta buɗe littafina,
ta karanta, ta yi murmushi.
Baba Modi ya ja riga ya rufe kwiɓinsa.

Na ce ta ara mini bironta.
Na soke layin, na rubuta a ƙasa:
Ya faɗi ƙarfe uku. Ina barci.
Famfo na zuba. Ƙararrawa sai da wuta.
Mutum ɗaya ga goma sha tara.
Rubutun ya karkace kamar sawun kaza, amma ya karantu.

An yanke mini albashin mako.
An gyara famfo, an kankare siminti.
Abokiyar aiki kuwa, wai sai sabon kasafi.
Kwana uku Baba Modi bai amsa gaisuwata ba.

Ran na huɗu jikansa ya kawo daga Kara
'yar ƙararrawar wuyan akuya.
Tsoho ya zauna da basilla, hannu na rawa,
ya ɗinka mata maɗauri na jar fata,
ya rataye a kan gadonsa.

Yanzu cikin duhu nakan ji ta, in taho da gudu.
"Mi kake so, Baba?"
"Ba komi. Gwadi nikai.
Tahi ki juya Tumba."